Fara lambun gida daga iri a farkon bazara: me ya kashe tsiron bara, kuma yaya za a yi bana?

Wata malama da ke zaune a ƙasar da sanyin hunturu ke daskarar da ruwa ta aiko da tambaya. Ta ce bara, da ta ga rana ta fara leƙowa a farkon watan Maris, sai ta shuka tumatir da tattasai da karas da kokwamba duk a rana ɗaya cikin kofunan roba, ta jera su a bakin taga. Tattasan bai fito ba sai ɗaiɗai, tumatirin ya yi tsawo siriri kamar zare, wasu tsiron suka kwanta daga gindi, waɗanda suka rage kuma da ta fitar da su bayan gida ba su kwana uku ba. Tana so ta san inda ta kuskure, da yadda za ta ɓullo wa lamarin a bana.

Malama, matsaloli huɗu kika lissafa, kuma kowace tana da sanadinta, amma idan aka bi su zuwa tushe za a tarar da cewa wuri ɗaya suka fito, wato lokacin shuka. Kin shuka abubuwa huɗu masu hali daban-daban a rana ɗaya saboda idonki ya ga rana, alhali iri ba ruwansa da abin da ido ya gani. Abin da yake sauraro shi ne ɗumin ƙasar da aka binne shi a ciki, da danshinta, sannan bayan ya fito, yawan hasken da ke sauka a kan ganyensa. A farkon bazara, wato lokacin da hunturu ke janyewa a ƙasashe masu tsananin sanyi, iska takan riga ƙasa ɗumama da makonni, don haka yinin da mutum zai cire rigar sanyi yana iya zama yinin da ƙasa ke nan da sanyinta kamar ruwan randa.

Abu na farko da za ki nema, tun kafin ki taɓa ƙunshin iri, shi ne ranar da aka saba ganin daskararriyar raɓa ta ƙarshe a yankinki. Hukumomin kula da yanayi da ofisoshin malaman gona suna fitar da wannan rana ga kowane yanki, kuma tana bambanta ƙwarai ko a cikin ƙasa ɗaya: wani wuri ƙarshen Maris ne, wani wuri sai tsakiyar Mayu ko ma bayan haka. A kudancin duniya kuwa watannin a juye suke, bazararsu tana farawa ne a Satumba. Sai dai akwai abin da mutane da yawa ba sa lura da shi, wato ranar da aka fi bayarwa matsakaiciya ce, wadda ma'anarta ita ce a kusan rabin shekaru sanyin yakan sake dawowa bayanta. Saboda haka ni nakan ƙara mako ɗaya zuwa biyu a kanta kafin in amince in fitar da abin da ba ya jure sanyi. Haka kuma gidan da ke cikin kwari ya fi na kan tudu saurin kamuwa, domin iska mai sanyi ta fi nauyi, takan gangara ta kwanta a ƙasa-ƙasa da dare.

Da zarar kin san wannan rana, sai ki raba kayan lambunki gida biyu. Akwai masu son sanyi: latas, kabeji, albasa, karas, radish, alayyafon Turawa, da fis, wato ƙananan koren waken nan masu hawa sanda. Waɗannan suna iya tsirowa a ƙasar da ɗuminta bai wuce digiri 5 zuwa 7 a ma'aunin Salshiyas ba, ko da yake a hankali, kuma ɗan sanyin dare ba ya kashe su, don haka ana shuka su a waje makonni kafin ranar da muka ambata. Akwai kuma masu son zafi: tumatir, tattasai, barkono, yalo, kokwamba, kabewa, kuɓewa, da wake. Dare ɗaya na daskararriyar raɓa ya isa ya gama da su, kuma ko sanyin da bai kai ga daskarewa ba yakan tsayar da girmansu. Akwai rabo na biyu da ya ratsa na farko, wato waɗanda ke karɓar dashe da waɗanda ba sa so a taɓa saiwarsu. Tumatir da tattasai da kabeji da albasa da latas suna karɓar dashe lafiya. Karas da radish kuwa saiwar ita ce amfanin, idan aka tumɓuke ta tana ƙarama sai ta karkace ko ta rabu biyu, don haka karas ɗin da kika shuka a kofi tun ranar farko an yi asararsa. Wake da fis ma sun fi so a shuka su inda za su zauna. Kokwamba da kabewa suna tsaka-tsaki: ana iya renonsu a ɗaki, amma na ɗan lokaci, kuma a tukunyar da za a zare su da ƙasarsu ba tare da an wargaza saiwar ba.

Daga nan sai lissafi da baya. Tumatir yana buƙatar mako 6 zuwa 8 a wurin reno, tattasai da barkono da yalo mako 8 zuwa 10, albasa daga iri mako 10 zuwa 12, kabeji mako 4 zuwa 6, kokwamba da kabewa mako 3 zuwa 4 kawai. A ce ranar yankinki 15 ga Mayu ce. To tattasai zai shiga ƙasa tsakanin 6 da 20 ga Maris, tumatir tsakanin 20 ga Maris da 3 ga Afrilu, kokwamba kuwa sai ƙarshen Afrilu. Kin ga ke nan a cikin abubuwa huɗun da kika shuka a farkon Maris, tattasai kaɗai ne ya faɗa kusa da lokacinsa. Mutane suna zaton wanda ya riga shuka shi zai riga girbi, amma a wannan sana'a sauri kan haifi nawa. Tumatirin da ya yi mako 12 a ƙaramin kofi saiwarsa takan nannaɗe ta cika kofin, ganyen ƙasa ya yi rawaya, wani lokaci har ya fara fure yana cikin ƙunci, kuma idan aka dasa shi sai ya daɗe yana farfaɗowa, har ɗan mako 6 mai gajeren kara mai kauri ya zo ya wuce shi.

Rashin fitowar tattasai kuwa, kusan na tabbata sanyin bakin taga ne. Irin tattasai da barkono da yalo sun fi tsirowa idan ɗumin ƙasa yana tsakanin digiri 25 da 30, inda sukan fito cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan ɗumin ya sauka wajen digiri 15 sai su kwanta makonni, kuma irin da ya daɗe a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi yakan ruɓe kafin ya farka. Tumatir ya fi haƙuri, digiri 21 zuwa 27 sun ishe shi, yana fitowa cikin kwana 5 zuwa 10. Bakin taga da rana ɗumi gare shi, amma da dare gilashi yana sakin zafi, ƙasar cikin kofi ta yi sanyi fiye da sauran ɗakin, danshinta kuma ya ƙara sanyaya ta. Tunda waɗannan irin ba sa buƙatar haske kafin su tsiro, ki ajiye su a wurin da ya fi ɗumi a gidan dare da rana, ko ki sami shimfiɗar lantarkin da ake yi musamman don ɗumama gindin tire. Ƙaramin ma'aunin zafi da za ki soka cikin ƙasa ya fi yawancin kayan da ake tallata wa masu lambu amfani. Latas shi akasin haka ne: ya fi son digiri 15 zuwa 20, idan ɗumi ya doshi 30 sai irin ya ƙi tsirowa sam, don haka kada ki haɗa shi da barkono a kan shimfiɗa ɗaya.

Mai yiwuwa kuma irin ne ya tsufa. Ƙarfin iri yana raguwa da shekaru, kuma ba daidai yake raguwa ba: na albasa da ƙyar yake wuce shekara ɗaya ko biyu, na tattasai kamar biyu zuwa uku, na karas da wake kamar uku, na tumatir da kabeji da kokwamba huɗu ko fiye, in dai an ajiye su a busasshen wuri mai sanyi cikin kwalba mai murfi. Gwada shi ba wuya. Ki ƙirga ƙwaya 10, ki jera su a kan jiƙaƙƙiyar takarda mai laushi, ki naɗe, ki sa a leda, ki ajiye a wuri mai ɗumi, ki duba bayan mako ɗaya zuwa biyu. Idan 8 ko 9 sun fito, irin lafiya lau yake. Idan 5 ne, ki ninka abin da za ki shuka. Idan bai kai haka ba, ki sayi sabo, domin makonnin da za ki ɓata kina jira sun fi kuɗin irin tsada. Ki kuma karanta bayan ƙunshin. Wanda aka rubuta wa F1 aure ne na iri biyu, yakan yi ƙarfi da yabanya iri ɗaya, amma idan kika ajiye ƙwayarsa don baɗi 'ya'yan za su fito kowa da kamanninsa, kamar yadda masanin gadon halittu Gregor Mendel ya nuna da fis a aikin da ya wallafa a 1866. Kwanakin nuna da ake rubutawa ga tumatir da tattasai kuma yawanci daga ranar dashe ake ƙirga su, ba daga ranar shuka ba, kuma wannan yana da muhimmanci ga wanda lokacin zafin yankinsa gajere ne.

Ba ki faɗi ƙasar da kika zuba a kofunan ba, amma idan daga bayan gida kika ɗebo ta, to ita ma tana da hannu. Ƙasar lambu idan aka sa ta a ƙaramin mazubi aka yi ta ba ta ruwa sai ta danƙare, iska ta kasa shiga, ga kuma ƙwayoyin cuta da irin ciyawa da ta zo da su. Ƙasar reno ana so ta zama mai laushi, marar nauyi, mai riƙe danshi amma mai sakin ruwa. Ana sayar da haɗaɗɗiya, kuma za ki iya haɗawa da kanki daga garin ɓawon kwakwa, da takin da ya ruɓe sarai aka tankaɗe shi, da tsabtataccen yashi mai manyan ƙwayoyi ko fararen tsakuwoyin nan marasa nauyi da ake kira falayit. Ba a buƙatar taki mai ƙarfi a wannan mataki, domin ƙwayar iri tana ɗauke da guzurinta na kwanakin farko. Mazubi kowane iri ne ya yi, in dai zurfinsa ya kai santimita 5 zuwa 7 kuma an huda gindinsa. Kofin da ba shi da huda rijiya ce. Wanda aka taɓa amfani da shi a wanke shi da sabulu, a tsoma a ruwan bilic da aka sirka kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, a ɗauraye.

Wajen shukar, ki jiƙa ƙasar tukuna har ta zama kamar soson da aka matse, sannan ki cika mazubin ki danna kaɗan. Zurfin rami ya zama kamar ninki biyu zuwa uku na faɗin ƙwayar, wato rabin santimita ga tumatir da tattasai, santimita 2 ga kokwamba. Irin latas a yayyafa shi a sama a danna shi, ko a rufe shi da ƙasa 'yar kaɗan, domin haske yana taimaka masa ya tsiro. Ƙwaya biyu a kowane gurbi sun isa. Ki rubuta suna da rana a jikin kowane mazubi, domin tsiron tattasai da na barkono ba sa bambantuwa a ido, kuma kowa yakan ce zai tuna, sai ya manta. Ki rufe da leda ko murfi mai haske don riƙe danshi, amma ki riƙa leƙawa safe da yamma, domin ranar da tsiron farko ya lanƙwaso kansa daga ƙasa, a ranar za a cire murfin a kai shi ga haske. Jinkirin kwana biyu a duhu ya isa ya miƙar da kara ta yadda ba za ta sake yin kauri yadda ya kamata ba.

Wannan ya kawo mu ga tumatirinki mai kama da zare, kuma a nan nake so ki fi mai da hankali, domin shi ne kuskuren da kusan duk mai farawa ke yi. Tsiro idan bai sami isasshen haske ba, sai ya zuba duk ƙarfinsa wajen tsawaita kara yana neman rana, kuma idan ɗakin yana da ɗumi sai miƙewar ta ƙaru, domin ɗumi yana tura girma alhali babu hasken da zai ciyar da shi. Taga tana ruɗin ido. Mu muna ganin ɗaki ya yi haske saboda idonmu yana sabawa da duk abin da ya samu, amma a watan Maris yini duka kamar awa 12 ne, tagar tana samun rana kai tsaye na 'yan awoyi ne kawai, daga gefe ɗaya, ta bayan gilashi, ga kuma ranakun hadari. Tagar da ke fuskantar kudu ga mazauna arewacin duniya ita ce mafi dama, kuma ko ita sau da yawa ba ta wadatarwa. Maganin shi ne fitila. Ba lallai sai mai tsada ba, doguwar farar fitilar LED ko ta bututu irin ta ɗakin aiki ta isa, a rataya ta kamar santimita 5 zuwa 10 a kan tsiron, a riƙa ɗaga ta yayin da suke girma, a kunna awa 14 zuwa 16 a kashe sauran daren. Fitila mai ƙarfi sosai a bi nisan da masu ita suka rubuta, don kada ta ƙona ganye. Kusancin yana da muhimmanci, domin haske yana raguwa da sauri idan nisa ya ƙaru, kuma fitilar da ke can saman rufin ɗaki ba ta yi wa tsiro komai. Bayan sun fito kuma a rage musu ɗumi: digiri 18 zuwa 21 da rana, 15 zuwa 17 da dare, shi ke ba tumatir gajeren jiki mai ƙwari. Ƙaramar fanka da ke kaɗa su a hankali na 'yan awoyi, ko shafa kawunansu da tafin hannu sau ɗaya ko biyu a yini, yana sa kara ta yi kauri, domin tsiron da ake girgizawa yakan rage tsawo ya ƙara ƙarfi.

Waɗanda suka kwanta daga gindi kuwa cuta ce sananniya, wadda wasu ƙwayoyin cuta dangin fumfuna da ke zaune a ƙasa ke haddasawa, irin su Pythium da Rhizoctonia da Fusarium. Alamarta ita ce kara ta tsuke ta yi laushi daidai inda ta haɗu da ƙasa, tsiron ya faɗi alhali ganyensa kore ne shar. Wanda ya kamu ba ya tashi, sai dai a cire shi da ƙasar da ke kewaye da shi don a tsirar da sauran. Abin da ke gayyato ta shi ne ƙasa mai sanyi da ba ta bushewa, da cunkoso, da rashin iska, kuma duk ukun suna haɗuwa a bakin taga idan mai lambu yana da tausayi da yawa. Ban ruwa fiye da kima ya fi ƙishi kashe tsiro. Ki bari saman ƙasar ya ɗan sha iska kafin ki sake ba su, ki ɗaga mazubin ki ji nauyinsa a hannu, kuma ya fi kyau ki zuba ruwan a tiren da ke ƙarƙashi su sha ta huda na kamar minti 15 zuwa 20, sannan ki zubar da ragowar. Ruwan ya zama mai ɗumin ɗaki, kuma da safe.

Ganye biyun farko da ke fitowa na cikin ƙwayar ne, ba su ne ganyen gaskiya ba. Idan ganyen gaskiya ya bayyana, mai kama da na babbar shuka, sai a yi abubuwa uku. A rage tsiron ya zama ɗaya a gurbi, ta hanyar datse mai rauni da almakashi, domin tumɓukewa tana girgiza saiwar wanda aka bari. A fara ba su takin ruwa da aka sirka zuwa rabi ko rubu'in abin da aka rubuta, sau ɗaya a mako ko mako biyu. Idan kuma saiwa ta fara leƙowa ta huda, a mai da su tukunya mai faɗin santimita 8 zuwa 10. Wajen ɗagawa a kama ganye, kada a kama kara, domin ganye idan ya yage wani zai fito, kara kuwa guda ce.

Yayin da waɗannan ke ɗaki, aikin waje yana jira. Ki zaɓi wurin da ke samun rana kai tsaye awa 6 zuwa 8, kina tuna cewa bishiyar da ke tsirara a Maris za ta yi inuwa a Yuni. Masu ganye kamar latas suna iya haƙuri da awa 4 ko 5, masu 'ya'ya ba sa iyawa. Kada ki yi kaftu ƙasa tana jiƙe sharkaf, domin mai laka idan aka juya ta a haka sai ta zama hoge-hoge masu tauri da za su dame ki har ƙarshen shekara. Ki damƙi ƙasa a hannu ki matse: idan ta dunƙule ta ƙi wargajewa da aka taɓa ta da yatsa, a jira, idan ta marmashe, ta yi. Faɗin kowane fangali kada ya wuce mita 1.2, don hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ba, kuma wanda aka ɗaga ya fi saurin tsanewa da ɗumama. A shimfiɗa ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita 3 zuwa 5 a gauraya shi da saman ƙasa. Yawancin kayan lambu sun fi son ƙasar da ma'aunin tsaminta, wato pH, ke tsakanin 6 da 7, kuma gwajin ƙasa shi zai gaya miki haka, ya kuma gaya miki ko akwai dalma a ciki, abin da ya kamata a bincika idan gidan tsoho ne ko yana bakin babban titi. Ɗanyen kashin dabbobi kuwa ba na bazara ba ne. Ƙa'idar noma marar sinadari ta Amurka ta sa kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, da kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, saboda ƙwayoyin cutar da ke iya kama mutum, kuma radish da ke nuna cikin wata ɗaya ko latas ba za su cika wannan sharaɗi ba.

Da ƙasa ta marmashe kuma ma'auni ya nuna digiri 7 ko fiye da safe na kwanaki a jere, sai ki shuka masu son sanyi kai tsaye. Fis a zurfin santimita 3, tazarar santimita 5, da sandunan hawa tun daga farko. Radish yakan fito cikin mako ɗaya. Karas shi ne mai gwada haƙuri: irin ƙanana ne, ana rufe shi da ƙasa rabin santimita zuwa ɗaya, yakan ɗauki mako biyu zuwa uku, kuma idan saman ƙasar ya bushe ya yi ɓawo a wannan tsakani to shi ke nan. Nakan rufe layin da katako ko tsohon buhu mai danshi, in riƙa ɗagawa kullum, in cire da ganin tsiron farko, sannan daga baya in rage su zuwa tazarar santimita 5. Latas da radish kada a shuka su gaba ɗaya, a riƙa shuka ɗan layi duk bayan mako biyu ko uku, domin idan yini ya yi tsawo zafi ya shigo, latas da alayyafon Turawa sukan miƙe su yi fure, ganyen latas ya yi ɗaci.

Saura mutuwar da suka yi bayan kin fitar da su. Tsiron da ya tashi a ɗaki bai san rana tsirara ba, bai san iska ba, bai san sanyin asuba ba, fatar ganyensa siririya ce, don haka yini ɗaya a fili ya isa ya ƙona shi ya yi fari fat. Ana saba masa ne a hankali cikin kwana 7 zuwa 10. Ranar farko awa ɗaya ko biyu a inuwa inda iska ba ta bugawa, a mai da shi ɗaki. Kowace rana a ƙara awa ɗaya ko biyu, a fara ba shi ranar safe, a ɗan rage ruwa ba tare da an bar shi ya yi yaushi ba, har a kwanakin ƙarshe ya kwana a waje idan daren ba mai sanyi ba ne. Kabeji da albasa da latas da aka saba musu suna iya shiga fangali mako 2 zuwa 4 kafin ranar daskararriyar raɓa ta ƙarshe. Tumatir sai sanyin dare ya daina sauka ƙasa da digiri 10, tattasai da yalo da kokwamba kuwa gara a ƙara musu mako ɗaya ko biyu a kan haka, har ƙasa ta kai digiri 16 zuwa 18.

A yi dashe da yamma ko a ranar da hadari ya rufe rana, bayan an shayar da tsiron sosai a tukunyarsa. Tumatir yana da wata baiwa da za ta amfane ki idan ya sake yin ɗan tsawo: yana fitar da saiwa a duk inda kararsa ta shiga ƙasa, don haka ana cire ganyen ƙasa a binne shi har rabin tsayinsa ko fiye. Tattasai da kokwamba da latas a dasa su daidai zurfin da suke a tukunya. Tazarar tumatir santimita 45 zuwa 60, tattasai da kabeji kamar 45, latas 25 zuwa 30, kuma duk da fangalin zai yi kamar babu kowa a ciki a ranar, kada ki cike giɓin. A kafa sandar tumatir a ranar dashe don kada a soki saiwa daga baya. Akwai wata tsutsa da ke kwana a ƙasa tana datse ƙananan shuka daga gindi da dare, kuma zoben kwali da aka kewaya karar da shi, aka nutsa shi santimita 2 ko 3 a ƙasa, yana hana ta. Ki ajiye tsohon zanen gado a kusa, domin daren da sama ta yi garau babu gajimare babu iska shi ne daren haɗari, kuma raɓa tana iya daskarewa a kan ganye ko da hasashe ya ce digiri 2 ko 3, tunda ba a dab da ƙasa ake auna iskar ba. A rufe tun da yamma, a buɗe da hantsi, kuma idan leda aka yi amfani da ita kada ta taɓa ganyen.

Bayan sun kama, ruwan da lambu ke buƙata a mako kamar lita 25 ne a kowace murabba'in mita, har da na sama, kuma gara a ba shi sau biyu ya ratsa ƙasa da a riƙa yayyafi kullum. Game da yawa kuwa, shawarata ita ce bana ki tsaya a fangali biyu masu tsawon mita 2 ko 3: gindin tumatir huɗu, tattasai uku, kokwamba biyu, sauran wurin latas da karas da radish. Ki sami ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ranar shuka, ranar fitowa, ɗumin ƙasa, ranar dashe, da daren ƙarshe da kika ga raɓa ta daskare a bayan gidanki, ki kuma zana inda kowane abu ya zauna, domin tumatir da tattasai da yalo da dankalin Turawa dangi ɗaya ne masu cututtuka iri ɗaya, kuma baɗi za ki so ki sauya musu fangali.